Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sarkin Maiwurno da Dattawan Ƙauyukanmu a Kan Ɓatattun Dabbobi



Allah ya ja zamanin Sarki. Ina gaida iyayenmu umdoji da shehunan ƙauyuka, da malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku, da ma'aikatan lafiyar dabbobi na jihohin Jazira da Sinnar da Nilul Azrak.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya iso ƙofarmu lokacin da Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, Sinja ta bi baya a Yunin 2024. Wanda ya gudu da goyo a baya ba ya iya jan akuya. Wasu sun kwance dabbobinsu daga turke don kada ƙishirwa ta kashe su a ɗaure, wasu kuma ƙwace musu aka yi suna kallo. Tun da Sinja ta koma hannun soja a Nuwambar 2024, Madani kuma a Janairun 2025, mutane suna ta dawowa. Ana maganar rufin ɗaki da injin ban ruwa da irin shuka, kuma sun cancanci a yi maganarsu. Maganar dabbobi ce nake roƙon ku zauna a kanta tun ba ta haifar da fitina ba.

Ranar kasuwa mutum zai hangi jaki ɗaure da karon wani, wato amalanke. Ya matsa kusa, ya ga tsagar kunnen hagu, ya ga tabon da igiya ta bari a ƙafar baya, ya ce wannan nawa ne. Mai karo ya rantse da kuɗinsa ya saya, kuma mai yiwuwa dukansu gaskiya suke faɗa. Babu takarda a hannun kowa. Jama'a su taru, kafin a jima an daina tambayar jakin wane ne, an koma tambayar kai ɗan wace ƙabila ne. Mu da muka binne 'yan'uwanmu a rikicin Rusairis da Wad al-Mahi a 2022 mun san inda irin wannan tambaya take kaiwa. Kuma mazauna kambo, wato sansanonin ma'aikatan gona, waɗanda guminsu ke zuba a gonakin Jazira tun zamanin kakanni, su ne ake fara nuna wa yatsa in an ga dabba a hannunsu.

Muna da wurin da ya kamata ya warware wannan, wato zaribar hawamil, inda ake kulle dabbar da aka kama tana yawo ko tana ɓarna a hawasha, wato gona. Sai dai a wurare da yawa aikinta ya tsaya a karɓar tara. Akuya takan wuni cikin rana babu ruwa, nononta ya cika ya sanƙare, 'ya'yanta suna kuka a gida. In mai ita bai zo da wuri ba sai ya ji an sayar, bai san ranar ba, bai san farashin ba.

A Ingila, tun Afrilun 2016 doka ta tilasta wa mai kare ya sa a cusa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, a Yunin 2024 kuma aka haɗa da kyanwoyi. Na'urar ba ta nuna inda dabba take. Lamba ce kawai mai alƙaluma 15, wadda ake karantawa da wani ƙaramin inji, sannan a duba rajista a ga sunan mai dabba da wayarsa. In an tsinci kare, hukumar yanki za ta riƙe shi kwana bakwai tana jiran mai shi ya zo ya biya kuɗin ɗawainiya, bayan nan ne za ta iya ba wani. Wanda ya sauya gida bai gyara adireshinsa a rajista ba, na'urar ba za ta amfane shi da komai ba. Ashe rajistar ce ginshiƙin abin, kuma ita ba ta fi ƙarfinmu ba. Ba na roƙon ku sayo inji a ƙauyen da wutar lantarki ma gardama take. Daftari nake roƙo, da alƙalami, da amintaccen mutum ɗaya.

A ajiye daftarin a wurin shehun ƙauye ko limami. Duk wanda ya dawo ya fara zuwa ya rubuta abin da ya rasa: launi, shekaru, tsagar kunne, shaidar wuta, tabo, da maƙwabta biyu da suka san dabbar, da hoto in yana cikin wayarsa. Ya rubuta tun bai gan ta a hannun kowa ba, don shi ne zai ba maganarsa nauyi daga baya. Haka malamanmu suka karantar da mu a babin tsintuwa: mai da'awa ya fara siffanta kayan kafin a nuna masa. Ita ma zariba ta riƙe nata daftarin, a rubuta ranar da dabba ta shigo, wanda ya kawo ta, da inda aka kama ta. A yi cigiya bayan sallar Juma'a da ranar kasuwa, a tura hoton cikin zaurukan WhatsApp na ƙauyukan da ke kewaye.

Wa'adin kwana bakwai bai dace da halin da muke ciki ba, domin mai saniyar yana iya kasancewa a Gadarif ko Kasala ko Rabak, ko ma a Masar, yana tara kuɗin mota. Ina ganin kwana arba'in ne mafi ƙaranci kafin a sayar. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa Sayyidina Usman ya yi umarni a yi cigiyar ɓatattun raƙuma, sannan a sayar, in mai su ya zo a ba shi kuɗin. Mu bi wannan. A yi gwanjo a bainar jama'a, a cire kuɗin ciyarwa, a ajiye saura amana. A hana mai gadin zariba da danginsa saye. A rubuta kuɗin tara da na ciyawa a jikin bango, a riƙa ba da rasit, kuma a yafe wa gwauruwar da akuyar nan ita kaɗai ta rage mata. Ruwa da inuwa kuwa hakkin dabba ne ko da mai ita ya yi laifi, kuma hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu bai bar wa kowa uzuri ba.

Batun wanda ya saya bai san kayan ganima ba ne, na bar wa alƙalai da malamai. Roƙona su fitar da hukunci ɗaya wanda kowane ƙauye zai bi, ya hau kan Bahaushe kamar yadda zai hau kan maƙwabcinsa. Amma wanda ya sayi saniya da kuɗin tunkiya a tsakiyar yaƙi, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai karnuka, kuma a nan hankalina ya fi tashi. Karen da aka bari babu ubangida yakan shiga gungu, ya saba da cin mushe, ya daina tsoron mutum. Cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Abin da aka saba yi shi ne a zuba guba a nama ko a bi su da bindiga. Gubar tana kashe karen kiwo da kyanwa da ungulu, yaro ma yana iya taɓa ta, kuma bayan 'yan watanni wasu karnukan sun cike gurbin. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allurar rigakafi, cutar tana yankewa. Ta wannan hanya Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2019 cewa ta kawar da haukan kare mai kama mutane ta cizon kare.

Ranka ya daɗe, in takarda ta fito daga fadarka tana neman allurar daga ofishin dabbobi da ƙungiyoyin agaji, za a saurare ta fiye da ta kowa. A sa rana ɗaya a kowane ƙauye. Yara ne suka san kowane kare da sunansa, su za su jawo su. Wanda aka yi wa allura a ɗaura masa jan ƙyalle a wuya ko a shafa masa fenti a baya, a rubuta shi a daftari da sunan mai shi. Daga ranar, kare mai ƙyalle in an kama shi a mayar wa mai shi. Marar ƙyalle a tsare, a yi masa allura, a nema masa makiyayi ko mai gona da ke son mai gadi, abin da mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta. Karen da ya ciji mutum a kulle shi kwana goma ana lura da shi. Limamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti ranar nan, kada ya tsaya jiran ya ga abin da zai biyo baya. Cizon kyanwa da yagunta ma haka ne, don haka a haɗa da kyanwoyin da ke tsare mana buhunan dawa a ranar allurar.

Lokacin girbi ne dabbobi suka fi faɗa wa gonaki, zariba ta cika, rai ya ɓaci. Ina roƙon Sarki ya kira umdoji da limamai da likitocin dabbobi, tare da wakilan kambo da na maƙwabtanmu waɗanda ba Hausawa ba, a rubuta waɗannan ƙa'idoji da Larabci da Hausa, a karanta su a masallatai kafin a sa lauje a dawa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam,
Ɗanku, daga wani ƙauye a gaɓar Nilul Azrak.