Sharhi: Makon Farko Ma Karatu Ne

 Sharhinmu na yau ya duba komawar yara makarantun firamare ne, da wata al'ada da ta zauna mana daram, wato mayar da makon farko na zango ragowar hutu.

An koma makaranta. Ko mutum bai ji sanarwa a rediyo ba, unguwa ta isa ta gaya masa. Tun daren jajibiri teloli ba su runtsa ba, saboda yunifom ɗin da aka kawo musu a ƙurarren lokaci. Da asuba hayaƙi ya tashi a gidaje, ana dama koko, ana ɗumama tuwo. Uwa na neman warin sandal da ya ɓace tun farkon hutu, uba na laluben aljihu yana haɗa kuɗin tara. Kafin hantsi lunguna sun cika da yara, manya riƙe da hannun ƙannensu, 'yan rabin aji na kuka suna turjewa. A bakin ƙofar makaranta mai awara ta dawo da kaskonta, mai ɗan wake ta jera robobinta, mai rake ya kafa baronsa, ɗan tebur ya baza fensir da biro da littattafan rubutu. Mai adaidaita sahu ma ya dawo da jigilar safe. Makarantar firamare guda ɗaya tana ciyar da gidaje da yawa waɗanda ba su da ko yaro ɗaya a cikinta, kuma ranar da aka buga ƙararrawar farko unguwa gaba ɗaya take farfaɗowa.

To amma mu shiga daga ciki mu gani. Zangon farko yana zuwa ne a watan Satumba, a ƙarshen damina. Ciyawa ta rufe fili, a wasu wuraren har ta kai gwiwa. Iska ta yaye kwanon wani aji, ruwa ya jiƙa bencina, awaki sun mayar da baranda wurin kwana, masai ya cika ko ya rufta. Don haka umarnin farko da yara kan ji a wurin asambuli shi ne, gobe kowa ya zo da tsintsiya da fartanya, manyan maza su zo da lauje. Babu laifi yaro ya share wurin da zai zauna, wannan ma tarbiyya ce. Inda gizo ke saƙar shi ne, sharar kwana ɗaya sai ta koma ta mako guda, wani wurin har mako biyu.

Daga nan sai kowa ya sami abin fakewa. Ka tambayi uba me ya hana ɗansa zuwa, ya ce maka: “Ai ba a fara karatu ba, shara kawai suke yi.” Ka tambayi malami me ya hana shi shiga aji, ya ce: “Ai yara ba su gama dawowa ba, in na fara yanzu sai na maimaita.” Uba na jiran malami, malami na jiran uba, yaro kuma yana tsakiya, kwanakinsa na tafiya. Kowa a cikinsu yana da 'yar gaskiyarsa, amma jimillar gaskiyar tasu asara ce ga yaron.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Shekarar karatu zango 3 ce, kowane zango bai wuce mako 12 zuwa 13 ba. Firamare shekara 6 ce, wato zango 18. Idan aka yar da mako ɗaya a farkon kowane zango, yaro zai fita aji shida da giɓin mako 18, wanda ya haura zango guda cur. Idan mako bibbiyu ne, ya zama mako 36, kusan shekarar karatu sukutum. Ba mu sa makon jarrabawa ba, ba mu sa makon jiran sakamako ba, ba mu sa ranakun kasuwa da na biki da na suna ba. Sannan mu dawo muna mamakin yadda ɗan aji biyar ya kasa karanta sunan garinsu a jikin allo.

Kuma wannan asara ba kowa take cinyewa daidai ba. Ɗan mai hali yana makarantar kuɗi, inda tun ranar Litinin ta farko ake ba shi aikin gida, da yamma kuma ga malamin lesin. Ɗan talaka ba shi da inda zai cike giɓin, abin da ya samu a aji shi ke nan rabonsa. Wanda ya fi kowa cutuwa kuwa shi ne ɗan aji ɗaya. A makonnin farko ne yake koyon riƙe fensir, da zama wuri ɗaya, da sanin fuskar malaminsa, da bambance baƙi da wasali. In ya tarar makaranta wurin tsince-tsincen leda ne da guje-guje, da haka zai ɗauke ta. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Adalci ne mu faɗi cewa ba duka sakaci ne ba. A karkara, komawa makaranta tana cin karo da kaka. Gero ya nuna, ana girbi, ana ɗaurin dami, ga roron wake da cirar gyaɗa na tafe, kuma manomin da ba shi da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago hannun 'ya'yansa yake kallo. A maƙwabciyarmu Nijar, inda ake komawa a watan Oktoba, akwai makarantun da sai an girbe hatsi an sami kara da zana kafin a kafa rumfunan da yara za su zauna. Wannan lokaci ne kuma na zazzaɓin cizon sauro, kusan kowane gida akwai mai kwance. Akwai yaron da ke zaune a gida don kawai wandonsa ya yage ko ya yi masa kaɗan, yana jin kunyar shiga cikin 'yan'uwansa. Akwai yarinyar da farantin tallarta shi ne cefanen gidan. Malamin ma mutum ne mai iyali. Tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma malamin da aka tura ƙauye mai nisa, albashi bai shigo ba, da me zai je? Wani hedimastan kuma zai buɗe makaranta babu alli, babu rajista, bai ma san malaman da aka ɗauke masa da waɗanda aka turo ba sai zango ya yi nisa.

Waɗannan dalilai na gaskiya ne, amma babu wanda ya faɗo daga sama. Kowa ya san damina na yaye kwano, kowa ya san watan da gero ke nuna, kuma ranar komawa makaranta a rubuce take tun kafin a ba da hutu. Abin da aka san zuwansa ana iya yi masa shiri.

Ƙasar nan ta daɗe tana ɗaukar wa yaro alkawari. A shekarar 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya, wato UBE, a Sakkwato, sannan dokar 2004 ta tabbatar da cewa karatun shekara 9, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan aiki, ta sharɗanta wa jihohi su zuba nasu kason kafin su karɓi tallafin, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin kai 'ya'yansu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35, alhali a biranenmu ba abin mamaki ba ne ka tarar da fiye da 100 a aji guda, rabi a kan benci, rabi a ƙasa. Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara kimanin miliyan 10 da rabi da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Waɗannan an ƙidaya su, ana taro a kansu. Akwai kuma wasu da ba a cika ƙidayawa ba: sunansu na cikin rajista, yunifom ɗinsu na rataye a ɗaki, amma kujerarsu babu kowa har sai wata ya raba. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a shekarar 2024, kuma ma'aunin irin wannan mataki, a kowace jiha, shi ne ko an yi darasi ranar farko a makarantar da take can ƙarshen hanya.

Dattawanmu za su tuna lokacin da ɗaukar yara makaranta aikin gari ne baki ɗaya. Dagaci da mai unguwa ke bi gida gida. Babu takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnensa, in ya kamo, ya isa shiga aji ɗaya. Yaron da aka gani yana gararamba a kasuwa da hantsi, duk babban da ya gamu da shi yana da ikon tasa ƙeyarsa zuwa makaranta, uban kuma godiya zai yi. Zamani ya canja, amma wannan ido na jama'a shi ne abin da ya fi ƙaranci a yau, kuma dawo da shi ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Saboda haka kira na farko ga al'umma ne. Kusan kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda ya haɗa mai unguwa da malaman addini da mata da matasa da tsofaffin ɗalibai, ga kuma ƙungiyar iyaye da malamai. Aikinsu na farko a shekara ya zama aikin gayya, mako guda kafin a koma. Samarin da suka yi hutun nan suna buga ƙwallo a filin makarantar su fito da fartanya su nome shi. Kafintan unguwa ya buga kwanon da ya ɗaga, ya gyara bencin da ya karye. Mai hali ya sayi kwalin alli, ya ɗinka wa marayun layinsu yunifom. Limamai su yi tuni a huɗubar Juma'ar da ta gabaci komawa, sanƙira ko mai shela ya zaga gari. In aka yi haka, yaro zai zo ranar Litinin da littafi, ba da lauje ba.

Kira na biyu ga hukuma ne, daga hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha zuwa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi. A gama canjin wurin aiki na malamai a cikin hutu. A kai alli da rajista da littattafai kafin ranar buɗewa. A biya albashi a kan kari. Masu duba makarantu su fita tun ranar farko, kuma kada su tsaya a makarantun bakin titi kawai. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ya nuna cewa inda abinci ya iso, aji na cika. In za a ci gaba da irinsa, to tukunya ta hau wuta daga makon farko, domin a nan aka fi bukatarta.

Kira na uku ga hedimastoci da malamai ne, waɗanda muka san nauyin da suke ɗauke da shi. Malam, ko yara goma ka tarar, shiga aji ka rubuta kwanan wata a allo ka fara. Labari zai kai gida kafin azahar cewa an fara karatu, gobe za ka ga ashirin. Yi amfani da kwanakin farko ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ka san wanda ya iya haɗa baƙi da wanda hutu ya tafi da abin da ya koya. Kada a kori yaro saboda yunifom ko takalmi, a bar shi ya zauna da kayan gida kafin iyayensa su samu. Wanda bai dawo ba har ranar Laraba, a aika gidansu a ji lafiya.

Kira na ƙarshe gare ku ne, iyaye maza da mata. Ranar farko ka kama hannun ɗanka ka kai shi da kanka, ka gaisa da malamin ajinsu, ya san fuskarka. Aikin gona yana nan bayan an tashi, ga Asabar da Lahadi. Talla ta jira a taso daga makaranta. A daidaita lokacin makarantar allo da Islamiyya yadda ɗaya ba za ta ci ɗaya ba, domin yaro na bukatar duka biyun. Da dare ki buɗe littafinsa, ko ba ki yi boko ba za ki gane sabon rubutu, za ki gane jan biron malami. In kwana uku suka wuce shafi fari fat, to a je a tambaya, cikin mutunci, haƙƙinku ne.

Masu sauraro, zango ya riga ya fara ƙirga kwanakinsa, kuma ranar da ta wuce ba a rama ta. Duk wanda yake da yaro a gida, nasa ne, na ɗan'uwa ne ko na maƙwabci, gobe da safe ya tashe shi ya tura shi makaranta. Allah Ya raya mana su, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamansu da alheri.