GORON SALLAH KO GUBAR SALLAH?

Tun azumi bai kai ashirin ba wasu matasa, har da masu kiran kansu 'yan uwa, suka fara tururuwa zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, wai za su saya wa ƙannensu goron Sallah. Mene ne goron? Babbar waya, wani ma da bashi ya saye ta!

Innalillahi! Yaron da bai haɗa izu biyar ba, yayansa da kansa ya jefa masa TikTok a aljihu. Lokacin tilawa yana ƙudundune cikin bargo yana kallon raye-rayen banza. Su kansu masu manhajar sun rubuta cewa wanda bai kai shekara 13 ba kada ya shiga. Ƙasar Ostareliya, wadda ba ruwanta da Shari'a, ta yi doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta. Su sun farga, ɗan uwa kuwa yana neman ragi wajen mai shago.

In an yi magana sai ya ce ai akwai Alƙur'ani a ciki. Akwai, amma a cikin wane taro aka ajiye shi?

Ga 'yar rediyo mai cin memori nan, ba ta neman data, wata har da tocila don daren da babu wuta. A zuba masa karatun Shaikh Mahmud Khalil Husari, wanda aka naɗa cikakke a Masar tun 1961, yaro ya riƙa bi aya-aya. Canjin da ya rage ma ya ishe shi takalmin zuwa Idi.