Daga Ɗakin Bincike Zuwa Alƙalami: Asara Ce?

Ga tambaya. A ce 'yarku ta yi shekara da shekaru tana binciken cututtuka har ta zama dakta, rana ɗaya ta ce ta bar ɗakin bincike, za ta koma rubutu da tace rubutun wasu. Me za ku ce? Na san da yawanmu za su riƙe baki: "Kash, karatu ya tafi a banza!" To ni dai ban yarda ba.

Ku dubi Magdalena Skipper. A Jami'ar Kambirij ta Ingila ta yi digirin dakta a ilimin gadon halitta, tana nazarin wata 'yar tsutsa mai tsawon kamar milimita 1. A 2001 ta shiga aikin edita. A 2018 aka naɗa ta babbar editar Nature, mujallar kimiyya da ake bugawa tun 1869, kuma kafin ita mace ba ta taɓa riƙe wannan muƙami ba.

Kada ku zaci aikin gyaran waƙafi da aya ne. Masu bincike ke aiko da sakamakonsu, edita ya karanta, ya tura wa wasu masana su tono kurakurai, kana a yanke hukunci. Mafi yawa ma mayar da su ake yi. Wanda gwaji bai taɓa lalacewa a hannunsa ba, ina zai gane inda aka yi rufa-rufa?

Gaskiya akwai abin da ake rasawa. Ka sha wahalar gyara, a buga da sunan wani. Ba kowace zuciya ke ɗauka ba.

Amma mu dawo gida. Masana sun daɗe da sanin cewa idan miji da mata duka jininsu AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai sikila. Ku lura, kowane ciki na ce. Ba wai an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Gidaje nawa ne aka taɓa warware wa wannan da Hausa? Kakanninmu da ajami kawai suke karantawa fa? Kai ɗalibi mai son zama masanin kimiyya, boko da ajami duk suna hannunka, kuma kakarka ba za ta taɓa buɗe Nature ba.