Tausayin da ke tare tsoho a ƙofar coci

A farkon watan Yunin 2020 Gwamnan Legas, Babajide Sanwo-Olu, ya sanar da sharuɗɗan buɗe masallatai da coci-coci bayan kullen korona, kuma ɗaya daga ciki shi ne kada wanda ya haura shekara 65 ya halarta. An jinkirta buɗewar har zuwa Agusta, a lokacin kuma aka sassauta lafazin ya koma shawara mai ƙarfi. Annoba ta wuce, amma ra'ayin ya zauna daram. Ka tayar da zancen a majalisar 'yan boko a Jega ko Birnin Kebbi, za ka ji amsa iri ɗaya: ai don kare su aka yi, kuma doka ba ta hana ba.

Maganar doka gaskiya ce, kuma ita ce abin kunyar. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, shi kaɗai ko cikin jama'a, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda lafiyar al'umma. Sashe na 42, wanda ya haramta nuna bambanci, ya lissafa al'umma da ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa. Babu shekaru a ciki. Bugu da ƙari, sashen yana magana ne kan dokoki da matakan gwamnati, coci kuwa ƙungiya ce mai tsarin kanta. Saboda haka dattijuwar da mai tsaron ƙofa ya mayar gida ranar Lahadi, ko ta sayar da akuya ta ɗauki lauya, da wuya ta samu abin kamawa. Wannan giɓi ne a doka. Masu kafa hujja da shi sun mayar da shi lasisi.

Batun kariyar ne ba na yarda da shi. Ba na musun cewa cutar ta fi kashe tsofaffi. Kano ta gani a Afrilun 2020, kuma Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mace-mace 979, rabi ko fiye suna da nasaba da korona, akasarinsu kuma waɗanda suka haura 65 ne. To amma a ina tsohon yake kwana? A Birnin Malam ko Maiyama ba a ware wa kaka gidansa daban. Jikan da aka bari ya shiga coci ko ya bi sahun Juma'a, ya gaisa da mutum ɗari, shi ne zai dawo ya zauna kan tabarma ɗaya da kakan, su sa hannu a akushi ɗaya, su sha fura da ludayi ɗaya. An hana tsoho ibada, cutar kuma an kai masa har ɗaki. Abin da dokar ta kare shi ne sunan shugabanni, don kada a ce mutum ya kamu a harabarsu.

Addini ma ba haka ya tsara hani ba. Mutanen Aliero, da albasa ce arzikinsu, sun fi kowa sanin hukuncin wanda ya ci ta ɗanya: ya nisanci masallaci har warin ya gushe. Dalilin shi ne yana cutar da wasu, kuma abu ne mai wucewa. Mai tari da zazzaɓi ma a ce ya zauna gida, ko shekararsa ashirin. Tsoho mai ƙoshin lafiya kuwa wa yake cutarwa? Kansa kawai yake sa wa a haɗari, kuma mutumin da ya yi shekara saba'in yana yanke wa gida guda hukunci ya isa ya auna wannan da kansa. Tsufa kuma ba ya gushewa, balle a ce masa ya dawo idan ya warke.

Sannan wa zai ƙidaya shekarun? Yawancin dattawanmu na karkara ba su da takardar haihuwa. Ka tambayi mutum, ya ce maka an haife shi lokacin Sardauna, ko ya yi wayo a shekarar wata yunwa. Abin da ke rubuce a katinsa na zaɓe wani yaro ne ya kintata a teburin rajista. Ke nan mai tsaron ƙofa furfura zai duba, da sanda, da tsufan tufafi. Mai baƙin rini da babbar mota zai wuce. A 2020 Fasto Enoch Adeboye yana da shekara 78, Shugaba Buhari da ya sa hannu kan dokokin kullen yana da 77, kuma ban ga mai gadin da zai ɗaga wa ɗayansu hannu ba. Da za a bi ƙa'idar sau da ƙafa a ƙauyukanmu, liman da na'ibinsa da ladan da rabin sahun gaba duk suna waje, dattawan ikilisiya ma haka.

Aka ce su bi ibada ta intanet. Da wace waya, da wace wuta? Ga gwauruwar da 'ya'yanta suka tafi cirani, zuwa coci shi ne ranar da ake tambayar lafiyarta, ake lura ta rame, ake sa mata wani abu a hannu. Wanda aka saba gani a sallar asuba, idan ya yi kwana biyu bai fito ba, daga masallaci ake tashi a leƙa shi. Wannan shi ne asibitin farko na tsohon ƙauye, kuma shi aka rufe da sunan lafiya.

Kada Musulmi ya ɗauka zancen Kiristocin Kudu ne. A Hajjin 2022 Saudiyya ta ƙayyade yawan alhazai a miliyan ɗaya, ta kuma ce ban da wanda ya haura 65, ba ta janye sharaɗin ba sai a Hajjin 2023. Mu kuwa mun san wa ke zuwa Makka daga nan: manomin da ya yi shekaru yana tara kuɗin albasa da shinkafa, sai da gemu ya yi fari kuɗin suka cika. Wanda ajali ya riska a tsakani, shi ke nan.

Akwai hanyoyin da ba sa buƙatar kora. A yi wa dattawa ibadarsu da sassafe kafin cinkoso, ko a fito fili inda iska ke kaɗawa, a gaya musu haɗarin ɓaro-ɓaro cikin harshen da suke ji, a bar musu zaɓi. 'Yan majalisarmu na Kebbi da ke Abuja kuma, duk lokacin da aka buɗe gyaran kundin tsarin mulki suna da ƙudurin ƙirƙiro sabuwar jiha a aljihu. Su ƙara da kalma ɗaya a sashe na 42, su sa shekaru cikin jerin.