Inji Yana Ruri, Wuta Babu

Duk mazaunin Tambuwal ko Kebbe ya san cewa, da yake wutar Kaduna Electric ba ta da tabbas, kuma man fetur ya yi tsada tun janye tallafinsa a Mayun 2023, janareto ya zama dukiyar da ba a wasa da ita. Saboda haka abin takaici ne ƙwarai yadda wasu masu gyara, idan aka kawo musu inji yana ruri amma ba ya ba da wuta, sukan yanke hukunci ba tare da tahƙiƙi ba, su ce koyil ya ƙone, alhali kuwa sau da yawa illar tana inda ba ta cin kuɗi: ko makunni ya faɗi, ko burushi ya cinye, ko kondensa ta mutu, ko kuma, in injin ya daɗe a ajiye, ragowar maganaɗisun da ke cikin ƙarfensa ya gushe, wanda ɗan batir kan farfaɗo da shi nan take. Wajibi ne mai gyara, tunda amana aka damƙa masa, ya auna wayoyin koyil da mita a gaban mai injin kafin ya ambaci kuɗin sabon naɗi.