Kyanwar Hajiya da Bargon Hunturu

A tsakiyar hunturun bana na shiga gidanmu na gado da ke Yakasai, na tarar an gama shawara: za a sa kyanwar Hajiya a buhu, a kai ta bayan badala a yar. Laifinta shi ne kullum dare sai ta haye bargon tsohuwa, ta riƙa tausa shi da ƙafafunta na gaba tana tsotsa har ya jiƙe. Maƙwabta sun yanke hukunci, wasu sun ce maita ce, wasu sun ce shafar aljanu.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, tana da kwana nawa aka kawo ta?" Ta ce wani yaro ne ya tsinto ta a wata rumfa a Kasuwar Kurmi, ko tafiyar kirki ba ta iya ba. Nan na gane bakin zaren.

Ɗan kyanwa yakan tausa cikin uwarsa yayin shan nono domin nonon ya zubo. Yayensa kan kammala a wajen mako 8, kuma likitocin dabbobi sun fi son a bar shi tare da uwar har mako 12. Idan aka raba su da wuri, sha'awar tsotson takan zauna masa, sai ya neme ta a duk abu mai laushi da ɗumi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland a 2017, kan kyanwoyi fiye da 5,000, ya nuna cewa waɗanda aka yaye kafin mako 8 sun fi saurin faɗa, waɗanda kuma suka daɗe tare da uwa ba su cika maimaita irin waɗannan ɗabi'u ba. Akwai hannun gado ma, domin irin kyanwoyin Siyam da na Bama sun yi fice a tsotson ulu. Sauyin gida ko kaɗaici kan ƙara tsananta abin.

Tsotson kansa ba ya cutarwa. Haɗarin yana wajen haɗiye zare, wanda kan toshe hanji har sai an yi tiyata. Saboda haka a ware mata tsohon zane marar zare mai warwarewa, a ɓoye kayan ulu, a riƙa yi mata wasa, a daina dukanta. In ta daina cin abinci ko ta kama amai, a garzaya asibitin dabbobi.

Mai karatu, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mu muke ɗauke 'ya'yan kyanwa tun suna jarirai don su kore mana ɓera, sannan mu ɗora musu maita idan maraicin ya bayyana. Alhali tun a makarantar allo muka san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare.

Hajiya ta yi shiru, can ta ce a mayar da buhun ɗakin hatsi, a miƙo mata tsohon mayafinta.