Hausa Ta Fi Faransanci Dacewa da Koyar da Umarnin Sifaniyanci

Ɗalibin da ya taso a Bazaga, cikin gundumar Birnin Ƙonni, idan ya kai ga karatun Sifaniyanci, ta hanyar Faransanci ake kai shi. A babin umarni kuwa, wannan zagaye ne da ba dole ba, domin tsarin da ake wahalar fahimtar da shi yana nan cikin harshen da ya sha a nono.

Aikatau mai bin ƙa'ida a Sifaniyanci yana da sigar umarni ta kansa ga mutum guda da aka saba da shi: habla (yi magana), come (ci), escribe (rubuta). Amma da zarar an fuskanci wanda ake girmamawa, sai a ari sigar subjuntivo, wasalin ƙarshe ya sauya: hable, coma, escriba, ga jama'a kuma hablen, coman, escriban. Hani ma daga can ake aro shi: no hables.

Haka Hausa take. Umarni tsantsa na tilo ne, ba ya ɗaukar wakilin suna, kuma galibi karin sautinsa ƙasa-sama ne: zauna, tashi, kawo. Jam'i da girmamawa da hani duk umartau suke nema: ku zauna, kada ka zauna. Faransanci kuwa sigarsa ɗaya ce a parle da ne parle pas, don haka bai tanadi kunnen ɗalibi ga wannan sauyi ba. Hatta bambancin hable (umarni) da hablé (na yi magana), wanda wurin ƙarfafa murya kaɗai ke rabawa, ba zai gagari mai rarrabe “tashi!” da “ya tashi” ta karin sauti ba.

Za a iya cewa hablad, comed, escribid na vosotros ba su da takwara a Hausa. Gaskiya ne, sai dai a Latin Amurka ustedes ne ya maye gurbin vosotros, can kuma kamannin ya ƙara cika.

Tun da Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ya kamata matsayin ya shiga aji. Ɗaliban kimiyyar harshe su ne suka fi cancanta su rubuta ƙaramin jagoran kwatancen nahawun harsunan biyu, su miƙa wa malaman Sifaniyanci na jihar Tawa.